Dagin Masu Saƙi

Na san abin da ake faɗi a kaina a Kanyar Maje, na kuma san kun ji shi tun kuna ƙanana, ko da yake babu wanda ya taɓa tarata da shi a cikinku. Ana cewa Haruna maƙeri ne ya sa Masu Saƙi suka tashi, wai an ba ni doki, wasu su ce gona. Ba a ba ni komai ba. Amma ba zan ce maku babu hannuna a ciki ba, shi ya sa na sa a rubuta maku yadda abin ya faru tun ina da sauran hankalin tuna shi.

Garinmu a lokacin ɗan mitsitsi ne, masallaci ɗaya, rijiya ɗaya, da 'yar kasuwa da ke ci gindin kanya ran Laraba. Motar da ke bi daga Dutsin-Ma zuwa Kurfi ba ta tsayawa sai an tare ta. Amma in ka fita bayan gari ta kowace kusurwa sai ka iske gidajen gona a warwatse, kowane da rumbunanshi da garken awaki, shara tas har bakin hanya. Mutanen waɗannan gidaje su ne muke kira Masu Saƙi, don ba su sa yadin kanti, sai abin da suka noma audugarshi, matansu suka kaɗa, mazansu suka saƙa. Su dai "jama'a" suke ce wa kansu. Musulmi ne, alƙiblarmu ɗaya, amma ba su bin limaminmu. Ba su hawa keke, ba su shiga mota, ba su kunna kananzir, ba su shan sukari, ba su cin abin da aka dafa a kasuwa. In sun shigo gari bibbiyu suke shigowa, su yi sallama, su yi abin da ya kawo su, su fita. Ba su taɓa zagin kowa ba, ba a taɓa kama akuyarsu a gonar wani ba, kuma wannan ma yana cikin abin da ya sa ba mu yarda da su ba. Mutane kan ce wanda bai da abin ɓoyewa ba ya kame kanshi haka.

Ni kaɗai ne a garin suke zama wurina har rana ta karkata, don ba su da maƙeri. Kuma wanda suke turowa mijin yayata ne, Malam Idi. Lokacin da aka aura mashi Yaya Rabi mutumin gari ne kamar kowa, har ya fi kowa son wasa. Suna da ɗiya biyu ya fara zuwa karatu wurin dattawan jama'ar, sannu sannu ya daina cin goro, ya daina zama dandali, wata rana ya kwashe iyalinshi ya koma can. Ba a tilasta wa Yaya Rabi ba, da bakinta ta gaya wa Inna ta zaɓi bin mijinta. Tun daga ranar shekara bakwai ban ga fuskarta ba, ga shi tsakaninmu bai kai tafiyar da fura za ta tsinke ba. Matansu ba su shiga gari, kuma namijin da ba na jama'a ba ba ya wuce zaurensu, ko da ciki ɗaya suka fito da matar gidan. Inna ta je sau biyu a farko, suka karɓe ta da mutunci, amma ta ce har ta fito akwai wata tsohuwa zaune kusa da su tana kaɗi tana saurare. Daga baya ƙafa ta hana ta tafiya. Yaya Rabi ce 'yar farinta, don haka ba ta kama sunanta, sai dai ta ce "waccan".

Malam Idi kan zauna bakin maƙera yana kallon hannuna. Sharaɗinsu shi ne kada a yi masu aiki da ƙarfen mota ko na jirgi, sai ƙarfen tama na ƙasa, wanda a lokacin ma ya fara wuya. Duk galmar da na gama sai ya ɗauka ya ƙwanƙwasa da ɗan dutse ya kara a kunne. Shekara da shekaru ban taɓa ha'intarshi ba, shi kuma bai taɓa fasa ƙwanƙwasawa ba. In na tambaye shi Yaya sai ya ce lafiya lau, tana gaisuwa. Kullum kalmomin nan ne, ba ragi ba ƙari.

Shekarar da abin ya faru ita ce wadda aka zo rubuta sunayen masu jefa ƙuri'a, dab da tafiyar Turawa. Gari ya ɗauki zafi, kowa na duban maƙwabcinshi yana auna wace jam'iyya yake bi a ɓoye. Malamin da ke rubutun ya zagaya gidajen Masu Saƙi, ko mutum ɗaya bai ba da suna ba. Suka ce haraji sun biya, wannan kuwa ba su san shi ba. Nan da nan magana ta bazu cewa da 'yan adawa suke, wasu suka ce a'a, wani malami suke jira daga gabas, ran da ya iso za su yanka garin. A cikin wannan rani ne kuma ma'aikatan lafiya suka zo suka ɗaure bakin rijiyar gari da siminti, suka zuba mata wani farin magani. Tun daga ranar Masu Saƙi suka daina ɗiba, sai dai a hango jakunansu da tuluna suna tafiya gulbi, tafiya mai nisa, suna tonon yashi. Ku riƙe wannan, don ni na san shi sarai a lokacin.

Bayan nan da kamar sati uku Malam Idi ya zo da wani aiki da bai taɓa kawowa ba. Bakin dagi yake so guda talatin, amma ya fi na kullum tsawo, siriri, da tsini mai tauri. Na tambaye shi me za a haƙa da dagi talatin a tsakiyar rani. Ya dube ni ya ce aikin jama'a ne. Na karɓa, na shiga ƙira. Maƙera kuwa ba ta da ƙyaure. Duk mai wucewa sai ya tsaya ya ga abin da ke jere a ƙasa, ya ɗauka ya juya, ya ajiye ya wuce. Kafin in gama na goma aka aiko Maigari na kirana.

Maigari tsoho ne mai tsoron abin da zai kai sunanshi gaban hakimi. Ya sallami mutanen zaure, ya tambaye ni me nake ƙerawa. Na ce dagi. Ya tambaya na me, na ce ban sani ba. Sai ya ce kada in bari a zo ɗauka, in kai masu da kaina, in buɗe idona, in komo in gaya mashi. Ya tuna mani cewa surukina na cikinsu, kuma akwai masu cewa ni ma da ƙafa ɗaya nake cikin gari.

Da na koma gida na tarar maganar ta riga ni. Uwarku Hajara na tankaɗe, ba ta ɗago kai ba ta ce in na ƙi zuwa za a ce nasu ne ni, in na je kuma duk abin da ya biyo baya da sunana za a kira shi, don haka in je in dawo in ce ban ga komai ba. Na ce in kuma da gaske makamai suke tarawa fa? Ta ce mutumin da ke tsoron sukari ba shi za ya yanka gari ba. Inna na jin mu daga ƙofar ɗakinta. Ita ba ruwanta da dagi ko ƙuri'a.

"In ka je ka ce a fito maka da waccan," in ji ta. "Ka gan ta da idonka. Ka duba mani ko ta rame."

Ta ƙulla daddawa da 'yar kuka a tsumma ta ba ni in kai mata.

Ranar da na gama na ɗora kayan bisa jaki da hantsi na nufi gidan Malam Idi, bayan wani ɗan tsauni arewa da gari. Tun kafin in isa na lura yara sun gan ni sun ruga. Da na kawo gindin tsaunin sai na hangi wani wuri da aka kewaye da zana ninki biyu, ta fi mutum tsawo, ba rufi. Wasu maza biyu suka fito daga ciki jikinsu fari fat da ƙura, suka gan ni, suka koma. Ana jin sara daga ciki, ƙarfe bisa dutse, amma ina matsowa aka daina. Ku yanzu kun san abin da ke bayan zanar nan, don da ruwan wurin aka yi wankan jegonku. Ni ma da na tsaya na haɗa dagi da ƙura da jakunan da ke zuwa gulbi, da na gane. Ban tsaya ba. Abin da ke raina shi ne, ga mutane sun ganni sun yi tsit kamar ɓarawo ya shigo.

Malam Idi ya tarye ni tun kan hanya, ya kama igiyar jakin ya juya shi zuwa zaurenshi, yadda bayana zai ba zanar. Ya ce da ban wahalar da kaina ba. Ya zauna ya bi dagin ɗaya bayan ɗaya yana ƙwanƙwasawa, duk talatin ɗin. Na jira ya gama, sannan na ce Inna ta aiko ni in ga Yaya. Ya ce zai isar da saƙo. Na ce ba saƙo aka ce ba, gani aka ce, ko daga bakin ƙofa ne. Ina jin muryar mata a cikin gida, har na ji wata dariya da na tabbata tata ce.

"Haruna, ka san ƙa'idarmu," ya ce. "Ba ni na sa ta ba, ba ni zan ɗage ta ba."

"Nono ɗaya muka sha da ita, Malam Idi."

"Na sani. Tana lafiya."

Na miƙa mashi ƙullin Inna. Ya kwance ya duba, ya tambaya ko daddawar ta kasuwa ce. Na ce Inna ce ta yi da hannunta. Ya ce gishirin da ke ciki fa, ba na kasuwa ba ne? Sai ya ƙulle ya mayar mani, ya ce in yi wa Inna godiya. Na fito da ƙullin a hannu, ban ko yi sallama ba. A hanya na jefa shi cikin wani kwazazzabo don kada Inna ta gani, kuma da na iso gida na ce mata na ga Yaya, ta yi ƙiba.

Washegari na je wurin Maigari. Wannan karon bai sallami kowa ba, zauren cike yake. Na faɗi zanar, na faɗi mutanen da suka ɓuya, na faɗi saran da aka daina. Duk wannan gaskiya ne. Sai wani daga cikin dattawa ya tambaye ni, a matsayina na maƙeri, abin nan da na ƙera in an sa mashi doguwar ƙota zai yi aikin mashi ko ba zai yi ba. Na san amsar. Dagi ya yi nauyin da ba a jifa da shi, bakinshi kuma don dutse na yi shi, duk wanda ya taɓa riƙe mashi zai gaya maku. Amma ban huce da haushin ƙullin daddawar nan ba.

"Zai yi, ranka ya daɗe," na ce. "Ni ma da nake ƙera su abin da ya zo mani ke nan."

Iyakar abin da na faɗi ke nan, kuma ƙarya ce. Ban taɓa tunanin mashi ba sai da aka ambata shi a zauren.

Kwana huɗu bayan haka 'yan doka suka iso da safe, Maigari a gaba, rabin gari a baya, wasu har da sanduna. Aka ce dole in bi su. Masu Saƙi ba su gudu ba, ba su ɗaga hannu ba, suka tsaya jere suna kallo aka yaye zanar. Rami ne, faɗinshi kamar ɗaki, zurfinshi gaba huɗu cikin dutse, da igiya da kwanduna, da dagina a ƙasa duk bakinsu ya dakushe. Akwai mutum biyu a ciki suna duban sama. Wani dattijonsu ya yi bayani a hankali, ya ce ruwa suke nema, sun kewaye ne don kada labari ya kai inda za a zo masu da siminti da magani kamar yadda aka yi wa ta gari. Masu sanduna suka fara ɓoye su a baya. Babban ɗan dokan ya juya ya tambayi Maigari ina makaman da aka taso su dominsu. Maigari ya rasa inda zai sa kanshi, sai ya nuna ni.

"Ga maƙerin da ya ƙera su nan. Shi ya ce mamu masu ne."

Malam Idi na tsaye bai fi taku biyar da ni ba. Ya dube ni, ba da fushi ba, irin duban da yake wa galma in ya kara ta a kunne.

Da a nan abin ya tsaya da da sauƙi. Amma mutanen da aka taso daga nesa ba su son komawa hannu banza. Aka ce an haƙa rijiya ba izini, an kuma ƙi ba da suna, aka tafi da Malam Idi da dattawa biyu. Da aka ce su hau mota suka roƙi a bar su su taka, aka ƙi. Wannan ne hawan motarsu na fari tun shigarsu jama'a, na ga ɗayan dattijon yana hawaye. Sai da aka yi shuka aka sako su. An ce inda aka tsare su ba su ci abincin da ake ba su ba sai ɗanyen gero da aka jiƙa, kuma Malam Idi ya dawo da tari.

Daminar nan ba wanda ya zo maƙerata daga cikinsu. Suka yi noma da tsofaffin galmuna, suka girbe, suka sussuke. Wata Laraba bayan kaka, ana cikin kasuwa, muka ga ayari ya bi ta bayan gari ya nufi yamma, jakuna da awaki da mata a lulluɓe cikin saƙi, ba wanda ya waiwayo. Ba su sayar da gona ko ɗaya ba, ba su yi wa kowa sallama ba. Na tsaya bakin hanya ina duban matan ɗaya ɗaya, ban iya gane wacce ce Yaya ba. Mutanen da suka bi 'yan doka da sanduna su ne suka raba gonakin, su ne suka ƙarasa rijiyar a rani na gaba, zurfin gaba guda kawai suka ƙara ruwa ya ɓullo. Su ne kuma suka fara cewa Haruna ya ci amanar surukinshi. Ban ɗauki ko taku ɗaya na ƙasar nan ba, ku tambayi duk wanda ya rage.

Inna ba ta taɓa yi mani faɗa ba. Abu ɗaya ta tambaye ni, ranar da ayarin ya wuce: da gaske na ga waccan ranar da na kai dagi? Na ce a'a. Ta ce ta sani, don waccan ba ta taɓa ƙiba ba tun tana yarinya. Daga nan ba ta ƙara ambatonta gabana ba. Uwarku ce ta gaya mani cewa duk mai tallen da ya fito daga yamma sai Inna ta kira shi ta tambaye shi ko ya ga masu sa saƙi.

Shekara biyar bayan tashinsu Allah ya yi wa Inna rasuwa. Bayan addu'ar bakwai na ce ba za a bar 'yar farinta ta ji a bakin fatake ba. Na bi tambaya har bayan Safana, kwana uku a ƙasa, don na san in suka ji da mota na zo ba za su saurare ni ba. Na iske su a bakin daji, sun sare sun yi gidaje irin na da, har da maƙerarsu, wani saurayi na bugun ƙarfe ba daɗin ji. A nan na ji Malam Idi ya rasu tun shekara ta biyu da tashinsu, tarin bai sake shi ba. Dattawa suka yi shawara mai tsawo, sannan aka kai ni wani zaure aka zaunar da ni gefen wata zana. Can na ji motsi a bayanta, aka yi sallama. Muryar ta tsufa amma ta Yaya ce. Na gaya mata rasuwar Inna. Ta yi salati, ta tambayi ranar da ciwon da wadda ta yi mata wanka. Na amsa duka. Sai ta ce tana da tambaya ɗaya da ta daɗe tana riƙe da ita.

"Wa ya ce maka masu ne, Haruna? Malam har ya koma ga Allah yana cewa tsoratar da kai aka yi."

Ga mafita an ba ni, da na ce Maigari ne ya matsa mani da ta karɓa. Na ce ba wanda ya tsoratar da ni. Na ce haushi na ji, don an hana ni ganinta, an kuma mayar wa Inna daddawarta.

"Wace daddawa?" ta ce.

Ashe Malam Idi bai taɓa gaya mata ba. Ba ta san Inna ta aiko ba, ba ta ma san na nemi ganinta ba, an dai ce mata na kawo dagi na tafi. Na ji numfashinta ya sauya a bayan zanar. Da ta buɗe baki sai ta ce yamma ta kusa, in kama hanya tun da sauran haske, kuma ta yafe abin da yake nata, na Malam kuwa ba ita ke da shi ba. Na roƙe ta ta ɗaga zanar ko sau ɗaya. Ta ce akwai mutane. Sai a lokacin na lura da ƙarar mazari, wata na kaɗi kusa da ita.

Aka ba ni dambu a ƙwarya da gorar ruwa. Wani mutum da ban sani ba ya biyo ni a baya, taku kamar ashirin tsakaninmu, in na tsaya ya tsaya. Haka muka yi har bakin gonarsu ta ƙarshe. Na juya na yi mashi godiyar rakiya. Ya amsa, amma bai koma ba, yana nan tsaye har na haye tudu na daina ganinshi. Yaya Rabi ta rasu shekara uku bayan wannan, a bakin wani mai sayar da jakuna na ji.